Takalmin azurfa da bashin manoma: tatsuniya ce ko habaici?

Duk wadda ta daɗe tana sayar da atamfa ta san abin nan. Mai zanen hoto yana can cikin masana'anta a Holan ko a Sin, ya zana tsuntsu, ya zana ido, ya zana kara, ya sa lamba ya aiko. Kafin bandir ɗin ya yi sati 2 a kasuwa mata sun raɗa masa suna. A Lome da Abijan akwai wata atamfa da aka daɗe ana kira da sunan da ke nufin idon kishiyata, mace ta ɗaura ta ta ratsa tsakar gida, ba ta ce uffan ba amma saƙo ya isa. Shi kuwa mai zanen bai san matar ba, bai san kishiyar ba, watakila ma bai san akwai wani abu wai shi kishiya ba. To, ma'anar nan ta wa ce? Ta wanda ya zana, ko ta wadda ta ɗaura?

Irin wannan gardama ce masana suke yi sama da shekara 60 a kan wani littafin yara na ƙasar Amurka. Mun kawo ta yau cikin wannan fili saboda tushenta kuɗi ne da bashi da farashin hatsi, abubuwan da ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram ba ya bukatar a yi masa lakwal a kansu. Kuma shi marubucin littafin ɗan kasuwa ne, kantinsa bashi ya kashe shi.

Labarin a taƙaice

Sunan littafin The Wonderful Wizard of Oz, wato bokan ƙasar Oz mai ban al'ajabi. Wani mutum mai suna L. Frank Baum ya rubuta shi, ya fito a birnin Shikago a shekarar 1900. Labarin wata yarinya ce marainiya mai suna Dorothy da ke zaune da kawunta da matarsa a gonar da fari ya cinye a jihar Kansas. Wata rana guguwa ta ɗauke ɗakinsu da ita da karenta a ciki, ta dire shi a wata ƙasa ta al'ajabi, ya faɗo kan muguwar mayyar Gabas ya kashe ta. Aka bai wa yarinyar takalman mayyar na azurfa, aka ce ta bi hanyar da aka shimfiɗa da tubali ruwan ɗorawa har Birnin Zumurrudu, can babban boka zai mayar da ita gida.

A hanya ta samu abokan tafiya 3. Na farko mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, yana kukan ba shi da ƙwaƙwalwa. Na biyu mai saran itace ne da jikinsa ya zama gwangwani, tsatsa ta kama shi ya ƙage wuri guda, yana neman zuciya. Na uku zaki ne mai ruri amma matsoraci. Da suka isa birnin aka ɗaure wa kowannensu tabarau kore da makulli, suka ga komi kore shar. Daga baya asiri ya tonu: bokan nan da kowa ke tsoro wani ɗan tsoho ne mai wasan dabo daga garin Omaha, ba shi da ko ƙwayar sihiri, kuma tabarau ne ya sa birnin ya zama kore. A ƙarshe aka shaida wa yarinyar cewa takalman azurfar da take takawa tun ranar farko su ne za su kai ta gida. Ta buga dugadugansu sau 3, sai ga ta a Kansas.

Rikicin zinariya da azurfa

Domin a gane abin da ya sa mutane suka ga siyasa cikin wannan tatsuniya, sai a koma ga halin da manoman Amurka suke ciki a lokacin. A shekarar 1873 majalisar ƙasar ta yi doka wadda ta tsayar da buga dalar azurfa, kuɗin ƙasa suka koma rataye da zinariya. Zinariya kuwa ba ta da yawa. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na ƙaruwa, kaya na ƙaruwa, amma kuɗin da ke yawo a hannu ba su ƙaru daidai da su ba. Idan kaya sun yi yawa kuɗi sun yi ƙaranci, kowa ya san abin da ke biyo baya. Tsakanin 1880 da 1896 farashin kaya a Amurka ya faɗi da kusan kashi 1 cikin 4.

Wani zai ce ai arahar kaya abin murna ne. Ga mai bin bashi haka ne. Ga wanda ake bi kuwa masifa ce. Mu ɗauki misali da kuɗinmu. Manomi ya ci bashin jika 100 lokacin da buhun hatsi yake jika 20, ke nan buhu 5 ake bin sa. Kafin ranar biya buhu ya faɗo jika 10. Takarda ba ta canza ba, jika 100 ce dai, amma yanzu sai ya fitar da buhu 10, ban da ruwan da banki ya ɗora. Manoman yamma da na kudancin Amurka su ne masu cin bashin, bankunan manyan biranen gabas su ne masu bi. Ga kuma kamfanonin jirgin ƙasa da ke tsawwala musu kuɗin dako.

Mu nan mun ga ɗaya fuskar wannan abu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, wanda ya kwana da jarinsa cikin akwati ya wayi gari rabin ƙarfinsa ya tafi wajen sayen kayan waje. Mu kuɗi ne suka yi mana sauƙi, su kuwa nauyi suka yi musu. Amma darasin guda ne: mutanen da ba su taɓa shiga rumfarka ba suna iya zama a ofis su yanke abin da guminka zai saya.

Manoman suka haɗa kai suka kafa jam'iyyar talakawa, suka yi babban taronsu a Omaha a 1892. Cikin bukatunsu har da a koma buga azurfa ba iyaka, awo 16 na azurfa a bakin awo 1 na zinariya, don kuɗi su yawaita, farashi ya ɗaga, bashi ya yi sauƙi. A 1893 kasuwa ta rushe, bankuna da masana'antu da yawa suka rufe. A 1894 wani mai suna Jacob Coxey ya jagoranci marasa aiki suka taka da ƙafa daga jihar Ohio har Washinton don kai kuka. A 1896 wani matashin ɗan siyasa mai baki, William Jennings Bryan na jihar Nebraska, ya tsaya takarar shugaban ƙasa da tutar azurfa. William McKinley, ɗan takarar masu zinariya, ya kada shi. A 1900, shekarar da littafin ya fito, aka yi dokar da ta tabbatar da zinariya, Bryan ya sake tsayawa ya sake faɗuwa.

Abin da mushen lakwal ya hango

Littafin ya yi shekara 64 yana hannun yara ba a yi wata gardama a kan wannan ba. Sai a 1964 wani malamin tarihi na sakandare mai suna Henry Littlefield ya buga wata maƙala, ya ce ku duba da kyau. Hanyar nan ruwan ɗorawa zinariya ce, tana kai mutum fadar masu mulki amma ba ta biya masa bukata. Takalman azurfa su ne mafitar da talaka yake takawa bai san ƙarfinta ba. Mutum-mutumin gona shi ne manomin da ƴan birni suka raina har ya yarda shi wawa ne, alhali cikin tafiyar shi ke kawo dabara. Mutumin gwangwani shi ne leburan masana'anta da aiki ya mayar da shi inji, tsatsarsa kuwa zaman rashin aiki ne. Zaki mai ruri shi ne Bryan. Boka shi ne shugaban da ke ɓoye bayan labule yana nuna wa kowa fuskar da yake so ya gani. Ita kuma muguwar mayyar Yamma da ruwa aka narkar da ita, kuma ruwa ne abin da manomin da fari ya addaba yake roƙo.

Wasu suka zo suka ƙara. A 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Hugh Rockoff ya faɗaɗa maganar, har aka lura cewa haruffan nan biyu, o da z, su ne gajeren sunan ma'aunin da ake awon zinariya da azurfa da shi a Turancin Ingilishi. Aka ce kore launin takardar dala ne. Fassarar ta shiga littattafan koyar da tattalin arziki, malamai suka riƙa koya wa ɗalibai da ita, har mutane da yawa suka ɗauka magana ce tabbatacciya.

Mai kantin da bashi ya kashe

To shi mai littafin fa? An haifi Baum a 1856. Ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa wasan kwaikwayo, ya taɓa sayar da man shafa wa ƙafar keken doki. A 1888 ya kwashe iyalinsa ya koma garin Aberdeen a yankin Dakota, ya buɗe kantin kayan ƙawa: tangaran, fitilu, kayan wasan yara. Sai fari ya faɗo wa yankin. Manoma ba su da kuɗi, shi kuma mutum ne mai kunyar hana bashi. Littafin bashi ya cika, aljihun tebur ya bushe, farkon 1890 kanti ya rufe. Hajiya mai rumfa, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenki.

Daga nan ya kama aikin jarida a garin. Cikin wani fili na barkwanci da yake rubutawa ya kawo labarin manomin da ya rasa ciyawa, sai ya sa wa dabbobinsa tabarau kore don su ci ɓawon katako su ɗauka ɗanyar ciyawa ce. Bayan shekara 10 ga tabarau kore a Birnin Zumurrudu. Wannan ya nuna cewa yunwar Dakota ta bi shi har cikin littafin. A 1891 ya koma Shikago, ya yi yawon tallar tangaran gari gari, daga baya ya kafa mujallar koya wa masu kantuna yadda ake jera kaya a taga don jan hankalin mai wucewa. Mutumin da ya san wannan sana'a ya san yadda ake sa ido ya ga abin da babu, kuma bokansa na Oz gwanin wannan ne.

Sai dai akwai abubuwan da ke karya fassarar mushen. Na farko, cikin gabatarwar littafin Baum ya faɗa da kansa cewa don faranta wa yara rai kawai ya rubuta shi. Na biyu, a 1896 ya buga waƙa a wata jaridar Shikago yana goyon bayan McKinley, wato ɗan takarar zinariya. Na uku, da aka tambaye shi asalin sunan Oz, cewa ya yi a jikin akwatin ajiyar takardunsa ya gan shi, aljihun da ke ɗauke da haruffa daga O zuwa Z. Na huɗu, ya mutu a 1919 bai bar wata wasiƙa ko rubutu da ke cewa azurfa yake nufi ba. Shi kansa Littlefield a 1992 ya rubuta wa jaridar New York Times cewa babu hujjar da ke nuna Baum ɗan jam'iyyar talakawa ne. Tun farko dabara ce ya nema don ɗalibansa su daina gyangyaɗi a ajin tarihi.

Kada kuma a ɗauki Baum gwarzon duk wani wanda aka zalunta. A ƙarshen 1890 da farkon 1891 ya rubuta sharhi 2 a jaridarsa yana kiran a ƙarar da ƴan asalin ƙasar Amurka, jajayen Indiyawa. A 2006 wasu daga zuriyarsa suka je suka nemi gafarar ƙabilar Sioux a kan haka.

Rundunar ƴan mata

Akwai wani yunƙuri da Baum ya shiga da ƙafarsa, shi ne na neman mata su samu ƴancin jefa ƙuri'a. Surukarsa, Matilda Joslyn Gage, tana cikin manyan jagororin wannan gwagwarmaya a Amurka, kuma shi kansa ya riƙe sakataren ƙungiyar a Aberdeen. Wanda ya karanta littattafan Oz zai ga iko na gaskiya a hannun mata yake, mai kyau da marar kyau, namijin da ke kan karaga kuwa ɗan dabo ne. A littafi na biyu, na 1904, wata yarinya mai suna Jinjur ta tara rundunar ƴan mata, makaminsu allurar saƙa, suka ƙwace birnin, maza suka koma shara da girki da raino. A ƙarshe aka kawar da Jinjur, amma wadda ta hau gadon ita ma mace ce, gimbiya Ozma. Wasu sun ce ba'a yake yi wa masu gwagwarmayar, wasu sun ce tsokanar maza yake yi. Ko wanne ne, nan kam da wuya a ce bai san abin da yake taɓawa ba, tun da maganar a cikin gidansa take kwana. Matan Amurka sun samu ƙuri'a a duk ƙasar a 1920, shekara guda bayan mutuwarsa.

Mai faɗa da bakinsa da mai musu

Marubuta ba ɗaya suke ba. Akwai wanda habaicinsa a fili yake. George Orwell na Ingila ya fitar da labarin dabbobin da suka kori mai gona a 1945, aladu suka karɓi mulki suka fi mai gonar mugunta. Shi da kansa ya bayyana cewa da juyin juya halin Rasha da mulkin Stalin yake. Bala Abdullahi Funtua ya mayar da littafin Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi, kuma mai karanta shi a ƙasar Hausa, ko bai san Stalin ba, ba ya rasa wanda zai nuna da yatsa.

A nan gida muna da Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba, wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya fitar da littafin Sarraounia a kan sarauniyar Lugu da ta tare rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Tarihi ne da ya gauraya da tsafi da al'ajabi, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Wanda ya san rayuwar Mamani ba ya tambayar ko da gangan ya zaɓi mace mai ƙin miƙa wuya ga Nasara.

Akwai kuma mai musu. J. R. R. Tolkien ya rubuta dogon labarin zoben mulki da ya fito a 1954 da 1955. Mutane suka ce zoben bam ɗin nukiliya ne, mugun sarkin kuma Hitler. Ya fito cikin gabatarwar bugu na biyu ya ce sam, ya ƙi jinin labarin da marubuci ke ɗaure mai karatu da ma'ana guda, kuma da yaƙin duniya na biyu yake nufi da an yi amfani da zoben an ci yaƙi, ba a jefa shi wuta ba. Amma ya yarda mai karatu yana da ƴancin ɗora labarin a kan abin da ya sani. Ya kuma yarda cewa fadamar gawawwaki da ke cikin littafin tana da alaƙa da abin da ya gani a arewacin Faransa, inda ya yi yaƙi a 1916. Mai sayar da daddawa ko ta yi wanka, rumfarta ba ta ɓuya. Haka zamanin mutum ke bin alƙalaminsa ko bai gayyace shi ba.

Idan alama ta fita daga littafi

Wani lokaci kuma tafiyar a juye take, ƴan gwagwarmaya ne ke shiga littafi su ɗauko alama. Suzanne Collins ta fitar da littafin The Hunger Games a 2008, cikinsa talakawa ke ɗaga yatsu 3. A 2014 masu zanga-zanga a ƙasar Tailan suka ɗauki wannan gaisuwa, a 2021 mutanen Myanmar suka bi sahu. A 2025 matasa a Indonesiya da Nepal da Madagaska suka fito titi da tutar ƴan fashin teku ta labarin One Piece, wanda Eiichiro Oda na Japan ya fara zanawa a 1997. Babu ɗaya daga waɗannan marubuta da ya zauna ya tsara haka. Atamfa ce ta iso kasuwa aka raɗa mata suna.

Awo kafin saye

Saboda haka idan ɗanka ya nuna maka fim a salula ya ce wannan dodon wane ne, ko wani mai baki ya ce tatsuniya kaza da jam'iyya kaza take, kar ka karɓa ba awo. Ka tambaya: mai labarin ya faɗa da bakinsa? Mutanen zamaninsa, waɗanda suka fi mu sanin rikicin, sun gane haka tun a lokacin? Fassarar ta ɗauki labarin gaba ɗaya, ko kuwa an tsinci masu kyau an ɗora saman tiya an ɓoye sauran a ƙasa? Littafin Orwell ya haye duka ukun. Maganar azurfa cikin Oz ta faɗi a na farko da na biyu, ko da yake farin Dakota da tabarau kore suna nan ba su goguwa. Haka Gizo yake a tatsuniyoyinmu: kakarmu ba ta ambaci sunan kowa ba, amma duk wanda aka taɓa cuta a ciniki ya san Gizonsa.

Manoman Amurka dai ba azurfa ce ta cece su ba. Zinariya aka samu da yawa a Afirka ta Kudu da yankin Klondike na Kanada, kuɗi suka yawaita, farashi ya ɗaga bayan 1896, maganar azurfa ta mutu. Su kuma takalman, da aka zo yin fim a 1939 kamfanin MGM ya ga azurfa ba za ta yi kyau a fim mai launi ba, sai ya mayar da su jajaye. A watan Disamba na 2024 aka yi gwanjon ƙafa guda ta waɗannan jajayen takalma da aka sa a fim ɗin, aka buga ƙararrawa a kan dala miliyan 28. Mutumin da ya ƙago su kuwa, shi ne wanda ya kasa karɓo bashin tangaran a Aberdeen.

Allah ya ba da kasuwa, ya kare mu daga bashin da ba ya dawowa.